Baƙi sama, baƙi ƙasa: wanne kwafin Ben-Hur ne na gaskiya?

Auwal Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana. Yayana ya aiko min da Blu-ray na Ben-Hur daga Ingila, faifai biyu a kwali ɗaya. Na saka a talabijin mai inci 55, sai hoton ya tsuke ya koma tsakiya, sama baƙi ƙirin, ƙasa baƙi ƙirin. In ka matso kusa kuma sai ka ga wani tsaki-tsaki yana motsi, musamman a sararin sama. Alhali akwai wanda aka tura min a filas, bai fi mega 900 ba, an rubuta masa 4K, shi kuwa ya cika allo dam, fuskoki sumul. To wanne ne mai kyan? Ko jabu aka sayar wa Yaya?

Sagir: Wa alaikumus salam. Danna zum a rimot kawai, magana ta ƙare.

Rabi Edita: Sagir, don Allah kar ka ɓata masa fim. Auwal, na Yayanka shi ne na gaskiya. A 1959 aka fitar da Ben-Hur, kuma da wata kyamara aka ɗauke shi da kamfanin MGM ya kira Camera 65. Faɗin hotonta ya ninka tsayinsa sau 2.76. Talabijin ɗinka kuwa faɗinsa sau 1.78 ne kacal. Ba yadda za a yi hoto mai wannan faɗin ya shiga allonka gaba ɗayansa sai an bar fili sama da ƙasa. Wannan baƙin ba komai ya rufe ba, ba abin da ke ƙarƙashinsa. Wancan na filas ɗin da ya cika allo, gefe da gefensa aka datse, ya yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku na hoton.

Batun 4K kuma, yi lissafi da kanka. Fim ɗin awa uku da rabi ne. In ka raba mega 900 a kan wannan tsawon, kowane sakan bai samu megabit ɗaya cikakke ba. Faifan Blu-ray yakan zuba ashirin zuwa talatin a sakan guda. Sunan fayil kowa na iya rubuta abin da ya ga dama.

Auwal Gwammaja: Anti Rabi, kashi ɗaya cikin uku fa kika ce?

Rabi Edita: Je ka wajen tseren keken dawaki, ka tsayar da hoton a wuri ɗaya a duka biyun, ka ƙirga dawakai da 'yan kallo. Gani ya kori ji.

Baba Habu Mai Majigi: Salamu alaikum. Yarinyar nan ta faɗi gaskiya. Ku yanzu ma da sauƙi. Lokacin kaset, da talabijin ɗinmu na da mai ƙusumbi, faɗinsa 1.33 ne. Ben-Hur a wannan allon ko rabinsa ba ya shiga. Abin da suke yi, wani ma'aikaci ne zai zauna yana bin hoton da taga, in wannan ya yi magana ya ja tagar kansa, in wancan ya amsa ya mayar da ita can. Sai ka ga mutum yana ta zuba magana shi kaɗai, abokin maganarsa hancinsa kawai ke leƙowa daga gefe. Keken Ben-Hur fararen dawaki huɗu ke jan sa, amma a kaset sau da yawa biyu za ka gani, wani lokaci uku da rabi. Kamar tela ne ya yanke hannayen babbar riga don ta shiga akwati.

Kawu Ɗanjuma Jos: Malam Habu, da girmanka, amma ni ban yarda ba. Da kuɗina na sayi allo inci kaza, sannan a ce sulusinsa ya zauna baƙi ina kallo? Mun kalli waɗannan finafinan a kaset shekara da shekaru, mun fahimci labari, mun ji daɗi, ba wanda ya taɓa ƙirga doki.

Baba Habu Mai Majigi: Alhaji Ɗanjuma, ba ka ƙirga ba ne don ba ka san akwai saura ba.

Kawu Ɗanjuma Jos: To abin da ban san da shi ba ai bai dame ni ba.

Rabi Edita: Kawu, a fim ɗin da mutum biyu ke hira a ɗaki, zan iya bar maka. Amma waɗannan finafinan faɗin shi ne dalilin yin su. A farkon shekarun 1950 talabijin ya shiga gidajen Amurka, mutane suka rage zuwa silima. Sai kamfanoni suka ce bari mu ba su abin da akwatin gida ba zai iya ba. Sai ga tsare-tsaren hoto mai faɗi: Cinerama ta fito a 1952, CinemaScope ta biyo baya a 1953 da fim ɗin The Robe, daga nan kowane kamfani ya fito da nasa: VistaVision, Todd-AO, Technirama. Darakta yana tsara hoton ne da sanin yana da wannan filin. Zai ajiye mutum ɗaya a can ƙarshen hagu, maƙiyinsa a ƙarshen dama, tazarar da ke tsakaninsu ita ce maganar. In ka datse gefe, ka cire maganar.

Mamman Damagaram: Ina gaishe ku daga Damagaram. Misalin da ya fi kowane a wurina shi ne Lawrence of Arabia na 1962, wurin da Omar Sharif ya fara bayyana a bakin rijiya. Lawrence da ɗan rakiyarsa suna gefe, can nesa cikin ƙawalwalniya wani ɗigo baƙi ya taso, yana ta girma a hankali har ya zama mutum bisa raƙumi. Na fara ganin wurin nan a VCD. Wallahi na ɗauka faifan ne ya maƙale, don ba abin da nike gani sai rairayi da wasu murabba'ai suna rawa. Sai da ya iso kusa na san akwai mutum.

Rabi Edita: Dole. VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. In kuma an bar baƙin sama da ƙasa, layukan da suka rage wa hoton ba su kai 180 ba. Mutumin da ke nesan nan bai kai ɗigo biyu ba, ina zai fito? DVD ya ɗaga zuwa 720 da 576, Blu-ray 1920 da 1080, faifan 4K kuma 3840 da 2160. Shi kuwa nagatif ɗin Lawrence, wato ledar asali da kyamara ta ɗauki hoton a kanta, faɗinsa milimita 65 ne, kowane hoto ɗaya a jikinsa ya ninka na fim ɗin 35 na yau da kullum fiye da sau biyu a girma. Da Sony suka tashi gyaransa don cikarsa shekara 50 a 2012, a 8K suka yi sikanin ɗinsa, sannan suka yi aikin a 4K.

Auwal Gwammaja: Na gane batun faɗi. Saura tsaki-tsakin nan. Shi ma za a ce ba lahani ba ne?

Baba Habu Mai Majigi: Ɗana, shi ne hoton kansa. Fim ba kwamfuta ba ne. Leda ce da aka shafe da sinadari mai ƙananan ƙwayoyin azurfa, haske ya taɓa su su kama. Kowane hoto ƙwayoyinsa daban suke zaune, hoto 24 ke wucewa a sakan, shi ya sa kake ganin suna motsi. Mu da muka riƙe fim a hannu mun san shi. Ƙasa-ƙasa da zane-zanen da ke sauka kamar ruwan sama, wannan datti ne da karcewa, shi ne lahani. Amma ƙwayar, da ita aka haife shi.

Sagir: Baba, to ai yanzu akwai manhajar da ke goge ta tas. Me ya sa ba za a goge ba?

Rabi Edita: An gwada, Sagir, kuma an ji jiki. Manhajar ba ta san bambancin ƙwayar fim da ramukan fatar fuska ba, ko zaren tufa, ko tsakuwar ƙasa. Duk abin da ya yi ƙanƙanta sai ta share. Shahararren misali shi ne Patton, fim ɗin 1970, shi ma a 65 aka ɗauke shi. Blu-ray ɗin da Fox ta fitar a 2008 an goge shi sosai har fuskar George C. Scott ta koma sumul, dattijon soja amma ba tamoji ko ɗaya na kirki, kakinsa ba a ganin saƙarsa. Da farko ma wasu masu sharhi yabonsa suka yi, don a ƙaramin allo yana ƙyalli. Masu manyan alluna da waɗanda suka san fim ɗin a silima su suka tayar da ƙura. A 2012 kamfanin ya sake fitar da shi da sabon aiki, ƙwayar ta dawo, fuskar ta dawo.

Spartacus ma haka. Na 2010 da Universal ta fitar daga tsohon kwafi aka yi shi, aka goge, sannan aka ƙara masa kaifin ƙarya don ya ɓoye laushin. Za ka gane wannan kaifin da wani farin zobe da ke zagaye kan mutum in ya tsaya a gaban sararin sama. A 2015 suka koma kan nagatif suka yi sabon sikanin. Duka biyun Blu-ray ne, duka 1080 ne, fim ɗaya, kamfani ɗaya, amma in ka jera su sai ka rantse ba abu ɗaya ba ne. Shi ya sa ni ba na tambayar faifai nawa ne ɗigonsa. Ina tambayar daga me aka ɗauko shi, a wace shekara, wa ya yi aikin.

Kawu Ɗanjuma Jos: To tsaya, 'yata. Kun ce kar a taɓa komai, a bar fim yadda aka haife shi. Ni ina da How the West Was Won a faifai. Na san da kyamarar Cinerama mai ido uku aka ɗauke shi, majigi uku ke haska shi a lokaci ɗaya, kuma a tsohon kwafi ana ganin layi biyu a tsaye inda hotunan uku suka haɗu. A na 2008 sun shafe layukan da kwamfuta, kusan ba ka ganinsu. Kowa ya yaba. Me ya sa wannan shafewar halal ce, ta tsaki kuma haram?

Mamman Damagaram: Kawu ya kawo magana.

Rabi Edita: Ya kawo kam. Abin da zan ce shi ne, layukan nan masu Cinerama da kansu yaƙi suke da su tun a lokacin. Har bishiya ko ginshiƙi suke saitawa a daidai mahaɗar don su ɓoye ta. Shafe su bai ɗauke komai daga fuskar kowa ba. Goge ƙwaya kuwa yana tafiya da abin da ke cikin hoton. Ni ma'aunina ke nan: bayan gyaran, an ƙaru da wani abu da kyamara ta ɗauka, ko an rasa?

Kawu Ɗanjuma Jos: Ma'auninki ne dai. Wanda ya kalle shi a 1962 da layukansa ya gani. Kun zaɓi abin da kuke so ne kuka kira shi asali.

Baba Habu Mai Majigi: A nan kam ina bayan Alhaji rabi. Kalmar asali tana da wuya. Mu a silimarmu majigin 35 gare mu, kuma kwafin da ke iso mana ya riga ya zaga ƙasashe, ya sha hannu. Wani ya tsinke an liƙa, wani wurin an yanke. Gidan ba rufi, sai an yi Isha duhu ya kankama ake farawa, in da farin wata kuwa baƙin hoton duk ya koma toka-toka. Kowane minti ashirin faifan fim ke ƙarewa, idona na kan kusurwar dama ta sama ina jiran ɗigon alama in kunna ɗaya majigin. Fim ɗin sikof, wato CinemaScope, kuma a matse yake a jikin ledar, sai an ɗaura wa majigi wani gilashi na musamman da zai buɗe shi ninki biyu. Ranar da yaro ya manta bai ɗaura ba, mutane su fito dogaye sirara, 'yan kallo su hau fito da buga kujeru. To wannan shi ne abin da mutanen Kano suka gani. Abin da Auwal ke gani yau a ɗakinsa ya fi shi nesa ba kusa ba. Kar wani ya ce muku da can ya fi.

Usman Umdurman: Gaisuwa daga Sudan. Ƙarin haske a kan maganar Baba: wani lokaci tsabtar hoton tana tona asirin da tsohon kwafi ya rufa. Akwai fim ɗin Khartoum na 1966, a kan Janar Gordon na Ingila da Mahdin Sudan da faɗuwar birnin a 1885. Faɗinsa ɗaya da Ben-Hur, 2.76, kuma bayansa ba a sake ɗaukar cikakken fim da wannan tsarin ba sai 2015. Laurence Olivier, Bature ɗan Ingila, shi ya fito a Mahdi, an shafa masa baƙin kwalli a fuska. A kaset abin yana ɗan wucewa. A Blu-ray kuwa shafin yana nan ɓaro-ɓaro, ba ka iya kallon komai sai shi. Mu nan dama fim ɗin ba ya mana daɗi saboda yadda aka nuna Mahdi, tsabtar ta ƙara fito da abin.

Mamman Damagaram: Haka hancin roba da aka liƙa wa Anthony Quinn a Lawrence. Da can ban taɓa lura ba.

Rabi Edita: Gaskiya ne, kuma dalili ke nan da wasu ke cewa sikanin daga nagatif kai tsaye yana nuna fiye da abin da masu fim suka zaci za a gani. Mai kwalliya ya san aikinsa zai bi ta wanki da bugu kafin ya kai allo, kowane mataki yana ɗan tausasa shi. Sai dai manyan kwafin milimita 70 na wancan zamanin galibi daga nagatif ɗin kansa ake buga su, don haka wanda ya shiga babbar silima a Landan a 1962 ya ga hoto mai kaifi ƙwarai. Wannan bugun ma shi ya gajiyar da nagatif ɗin Lawrence. Ga kuma zafin hamada: masu gyaran 2012 sun tarar da ƙananan tsage-tsage a jikin sinadarin, sai da aka bi su da kwamfuta.

Hafsat M.: Ni tambayata launi ce. Ina da kwafi biyu na wani tsohon fim, ɗaya rairayin ja-ja ne, ɗaya ruwan ƙwai. Wa ya san na gaskiya?

Rabi Edita: Hafsat, kin taɓo inda ya fi ciwo. Fim ɗin Eastmancolor, wato ledar fim mai launi ta shekarun 1950 da 1960, rininsa yana koɗewa, kuma ba tare suke koɗewa ba. Shuɗi-kore da rawaya ke fara tafiya, a bar ja-ja, shi ya sa tsohon kwafi ke komawa ruwan hoda. Mai gyara dole ya maido da abin da ya tafi, kuma a nan hukuncin ɗan Adam ke shiga. Lawrence ya yi sa'a. Lokacin da Robert Harris ya haɗa gyaran da aka nuna a 1989, darakta David Lean yana raye, mai ɗaukar hoto Freddie Young yana raye, mai tacewa Anne Coates tana raye, an zauna da su. An dawo da wuraren da aka yanke bayan fitowar farko, inda sautin ya ɓace kuma aka kira Peter O'Toole, wanda ya fito a Lawrence, ya sake faɗin maganganunsa bayan shekara ashirin da wani abu. Lean ya rasu a 1991. Duk gyaran da aka yi bayan nan yana da abin dubawa. Finafinai da yawa ba su samu haka ba, wanda ke zaune gaban kwamfuta shi ke yanke hukunci, wani kuma sai ya ja launin zuwa abin da ake yayi yau.

Hafsat M.: Wato dai ba tabbas.

Rabi Edita: Akwai alamu. Duba farar riga, duba fatar mutane, duba sararin sama. In farar riga ta koma kore-kore a duk fim ɗin, da walakin.

Mamman Damagaram: Wani abu da ban ji an ambata ba. DVD ɗin da ke zo mana daga Faransa tsarin PAL ne, hoto 25 a sakan maimakon 24. Fim ɗin yana gudu da sauri kashi 4 cikin ɗari. Ben-Hur yana raguwa da wajen minti takwas ba tare da an yanke komai ba, kiɗan kuma yana ɗan hawa sama. Blu-ray ne ya dawo da 24.

Sagir: Duk na ji, amma mu faɗi gaskiya. Mutum nawa a zauren nan ke da na'urar Blu-ray? Yawancinmu a waya muke kallo, data kuma ba kyauta ba ce. Fayil mai giga talatin wa zai sauke?

Kawu Ɗanjuma Jos: Yawwa Sagir, faɗa musu.

Rabi Edita: Ba wanda ya ce dole sai giga talatin. A waya fayil mai giga biyu ko uku da aka matse daga kyakkyawan tushe ya wadatar. Abin da nake ƙi shi ne datsasshe, da wanda aka goge. Kuma ga abin mamaki: wayoyin yanzu da yawa allonsu 20 da 9 ne, wato 2.22. Lawrence 2.20 ne. In ka kwantar da wayar, kusan cif ya cika ta, fiye da yadda zai cika talabijin ɗin Kawu. Inda ƙaramin fayil ke tona kansa shi ne sararin sama da duhu. Kalli fitowar rana bayan Lawrence ya hure ashana. A kyakkyawan kwafi launin yana narkewa ne daga ja zuwa ruwan lemo a hankali. A matsattsen fayil sai ka ga ya rabu hawa-hawa, kowane launi da iyakarsa.

Baba Habu Mai Majigi: Lawrence a waya. Allah Ya kyauta.

Shugaban Zaure: Baba, a yi haƙuri da zamani. Anti Rabi, wasu sun yi min magana ta gefe suna son a faɗi saitin talabijin a taƙaice.

Rabi Edita: To. Talabijin daga shago yake zuwa a kan Vivid ko Dynamic, don ya yi ƙyalli cikin fitilun kanti. Mayar da shi Movie ko Cinema, in kuma yana da Filmmaker Mode, wanda ya fara zuwa a talabijin na 2020, shi ya fi sauƙi. Sharpness a sauke shi ƙasa sosai, shi ke ƙara farin zoben nan kuma yana sa ƙwayar fim ta yi kaushi fiye da yadda take. Ina zargin rabin tsakin da Auwal ke gani daga nan yake. Noise Reduction a kashe. Sai babban, mai ƙirƙiro hotunan ƙarya a tsakanin na gaskiya don motsi ya yi santsi: Samsung na kiransa Auto Motion Plus ko Picture Clarity, LG TruMotion, Sony Motionflow. Yana da amfani a ƙwallo, amma a fim yana mayar da Ben-Hur kamar wasan kwaikwayon da aka ɗauka jiya da kyamarar biki. Girman hoto kuma a bar shi a Original ko Just Scan. A rage hasken ɗaki, baƙin sama da ƙasan zai ɓace wa ido da kansa.

Kawu Ɗanjuma Jos: Santsin nan ni shi nake so. Na biya kuɗinsa.

Sagir: Kawu ba ya sauka daga kan dokinsa, ko biyu ne ko huɗu.

Hafsat M.: Ni kam duk wannan zancen na Turawa ne. Fim ɗin da aka fi kallo a gidanmu shi ne Ar-Risala, duk azumi sai an saka. Shi ma yana da wannan matsalar?

Usman Umdurman: Sosai ma, 'yar'uwa. Mustapha Akkad ya ɗauke shi da Panavision mai faɗi, a Maroko da Libiya, ya fito a 1976. Sau biyu aka ɗauki kowane wuri, da 'yan wasan Turanci da na Larabci: Anthony Quinn ne Hamza a na Turanci, Abdullah Gaith a na Larabci. Yawancin kwafin da ke yawo a hannun mutane daga kaset ko VCD aka kwafo su, an datse gefe, launi ya wanke. A yaƙin Badar da Uhudu sahun mayaƙa ya kamata ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, amma sai ka ga tsakiya kawai. Kuma a wannan fim ɗin faɗin yana da wani aiki na daban. Tunda ba a nuna Manzon Allah (SAW) ba, wani lokaci sahabbai kyamarar suke fuskanta suna magana, suna jere a faɗin hoton. In an datse, sai a rasa wasu daga cikin masu sauraro. Malek Akkad, ɗan Mustapha Akkad, ya jagoranci gyaran fim ɗin a 4K, aka haska shi a silimun ƙasashen Larabawa a 2018, faifan 4K ɗin kuma ya fito a Amurka a 2022 da na Turanci da na Larabci duka.

Baba Habu Mai Majigi: Wannan kam ina so in gani kafin ido ya ƙarasa tafiya. Jikana yana da na'urar DVD, za ta karanta shi?

Rabi Edita: A'a Baba, ba za ta karanta ba. Ko na'urar Blu-ray ta yau da kullum ba ta karanta faifan 4K, sai wadda aka rubuta wa Ultra HD, ko PlayStation 5 mai ramin faifai. Abu ɗaya mai sauƙi shi ne faifan 4K ba shi da kullen yanki, na Amurka zai yi aiki a nan. Blu-ray na yau da kullum ne ake dubawa: Amurka yankin A ce, mu da Turai muna B, don haka wanda zai yi saƙo ya fi aminci ya sa a sayo masa daga Ingila ko Faransa.

Mamman Damagaram: Na Faransa a duba bayan kwalin tukuna, wasu ba a iya cire rubutun Faransancin da ke ƙasa.